Hotuna da bidiyo sun cika min sabar Mastodon, ya zan yi in ajiye kwafi a wani gari?

mai_caji_auyo:

Assalamu alaikum yan uwa barkanmu da warhaka. Dan Allah masu ilimin sabar ku taimaka min da shawara tun kafin abu ya lalace a hannuna in rasa bakin da zan yi wa mutane bayani.

Ni ina da shagon caji da buga takardu a nan Auyo, kuma tun bara na kafa wata yar karamar sabar Mastodon, wato dandalin zumunta irin Twitter da kowa zai iya kafa nasa, saboda yan uwanmu manoman shinkafa da wasu da muka yi makaranta tare. Asalin abin tun lokacin da aka rufe Twitter ne a 2021, wata bakwai muna fama da VPN, na ce a raina wai mu ba za mu iya mallakar namu zauren ba ne, to sai bara Allah ya nufa. Yanzu mun kusa mu 70 amma masu lekowa kullum basu wuce 25 ba, wani ya dora hoton ganyen shinkafarsa da ya yi ja a tambaya ko tsutsa ce ko rashin taki, wani bidiyon yadda ya gyara injin ban ruwa, wani farashin buhu a kasuwar Hadejia, sai kuma na biki da suna wanda gsky su suka fi yawa.

Kwamfutar yar karama ce ta hannu na sayo a Beirut Road a Kano, SSD dinta 256 giga, tana kan solar shago. Da yake rawtar sim nake amfani da ita bani da IP na kaina, sai dan yayana da ke karatun kwamfuta ya kama min wata yar VPS, wato sabar haya, mai araha a Jamus ya hada su da WireGuard wanda shi ma nau'in VPN ne, ta can mutane ke shigowa.

To ranar juma'ar da ta wuce ana saukowa daga masallaci sai ga kira ta ko ina wai shafi baya budewa, ina dubawa na tarar diski ya cika makil har PostgreSQL, databes din da ke rike bayanan shafin, ta ki tashi. Da kyar na goge wasu tarkace ya dan numfasa, yanzu yana kan kashi 93. Mu 70 fa, ya aka yi muka cinye giga dari biyu da wani abu a shekara daya wlh ban gane ba.

Na biyu kuma wanda ya fi hana ni barci shine ruwa. Duk wanda ya san yankinmu ya san abin da ambaliyar 2022 ta yi, ni kaina sai da ruwa ya shigo min shago har gwiwa a lokacin. Idan irin ta ta dawo ko barawo ya fasa ya dauke kwamfutar shikenan hotunan mutane sun tafi, akwai wani dattijo da ya rasu kwanaki bidiyonsa na karshe yana bayanin yafa iri a wurina kadai yake, yayansa ma wurina suke zuwa kallo.

Tunanina shine in samu wuri uku, shagona, gidan yayana a Kano, da shagon wani abokina a Dutse, duk hoton da aka dora ya tafi wuri ukun nan da kansa. Na karanta ana maganar S3 da MinIO da Garage har kaina ya yi zafi. Kudin dala kuma bani da shi, VPS din ma da kyar ake biya. Wanne zan kama dan Allah? Ngd.

Injiniya_Kazaure:

Wa alaikumussalam Malam mai caji, sannu da ƙoƙari, Allah ya saka.

Kafin ka fara aza harsashin rumbu uku, fara buɗe wanda kake da shi ka leƙa, don ina da yaƙinin yawancin abin da ya cika shi ba hatsinka ba ne, na maƙota ne aka jibge maka. Yadda Mastodon ke aiki kenan: duk lokacin da mutuminka ya bi wani a wata sabar, ko wani ya sake yaɗa rubutun baƙo ya iso wurinku, to sabarka sai ta sauke kwafin hoton ko bidiyon ta ajiye a wurinta, haɗe da hoton fuskar mai rubutun da babban hoton saman shafinsa, har da ɗan hoton da ke fitowa idan an saka linkin labari. Tana yin haka ne don wayoyin mutanenka su riƙa ɗauka daga wurinka ba sai sun zaga sabobin duniya ba. Kuma in ba ka ce mata ta share ba, ba za ta taɓa sharewa ba. Duk waɗannan suna zaune a public/system/cache, naku na gida kuma suna sauran folodin da ke cikin public/system.

Shiga a matsayin mai amfani mastodon, cikin folodar live, ka buga wannan:

RAILS_ENV=production bin/tootctl media usage

Zai jero maka nauyin kowane kashi, kuma a gefen kowanne zai nuna nawa ne local, wato naku. Wannan lambar ta local ita ce kaɗai ya kamata ta dame ka. Kawo mana ita nan mu gani. Sannan tambaya ɗaya, ka shiga relay, wato sabar da ke kwararo maka rubutun sauran sabobi ko ba mai bin su a wurinku? Don in ka shiga to mun kama ɓarawon.

Sharewa kuma ba wuya. tootctl media remove --days 7 zai kwashe na baƙi da suka wuce kwana bakwai, ba ya taɓa naku, kuma in wani ya koma tsohon rubutun ya danna hoton sabar za ta sake ɗauko shi muddin yana nan a can asalinsa. Ƙara masa --prune-profiles a wani zagayen don hotunan fuskar baƙin da babu mai bin su a wurinku. Sai tootctl preview_cards remove --days 30, don shi in ka bar shi da kansa sai abin da ya wuce kwana 180 yake taɓawa. Daga siga ta 4.0 ma akwai wurin saitawa a shafin admin ƙarƙashin Content retention, ka sa 7 a akwatin media cache ya riƙa yi da kansa. Amma dan Allah akwatin da ke kusa da shi na share rubutun baƙi kar ka taɓa, shi rubutun yake gogewa ɗungurungum har waɗanda mutanenka suka adana, kuma ba ya dawowa.

Abu na ƙarshe wanda ban ji ka ambata ba ko sau ɗaya kuma shi ya fi ba ni tsoro: kana ta maganar hotuna, ina databes? Ka buɗe folodar media_attachments ka gani, lambobi ne cikin lambobi, babu sunan kowa. PostgreSQL ce ta san wannan bidiyon na wane ne, yaushe ya ɗora, me ya rubuta a ƙasa, har makullan sirrin da kowane akawun ke sa hannu da su ga sauran sabobi suna cikinta. Ka tsira da hotuna ka rasa ta, kamar a tara buhuna a tashar mota ne babu suna a jiki kuma ɗan kamasho ya gudu da littafi. Ita da fayil ɗin .env.production su ne farkon abin kwafa, pg_dump kullum, kuma nauyinsu bai kai na bidiyon biki uku ba a sabar irin taka.

mai_caji_auyo:

Innalillahi. Injiniya Allah ya kara basira, kamar kana tsaye a bayana. Attachments 181 giga amma local 14 kacal. Hotunan fuska da na saman shafi sun hada 22, na linki 9. Wato shekara guda ina ciyar da hotunan kyanwowin turawa da batir dina.

Relay kuma eh na shiga har guda biyu, farkon budewa ne shafin ya yi tsit kamar gidan makoki mutane suna cewa ba komai a ciki sai na ga an ce relay na kawo rubutu. Databes kuma gsky ban taba kwafa ba ko sau daya, yanzu na yi na sa a filas.

dan_kadawa:

Slm. Oga mai caji tunda kayanka 14 giga ne to ai abin ya zo da sauki, ni dai Garage zan ce maka kai tsaye don abin da ka kwatanta shine ainihin abin da aka kera shi dominsa. Wata kungiya ce a Faransa mai suna Deuxfleurs ta rubuta shi da Rust, su ma ba masu kudi ba ne, tsofaffin kwamfutoci suke ajiyewa a gidajen mambobinsu a garuruwa daban daban su hada su zama ma'ajiya daya. Fayil daya ne kake saukewa ka kunna, RAM giga daya ya ishe shi, kuma ba dole diskokin su zama girma daya ba, wani 500 wani tera daya duk zai karba ya raba gwargwadon karfin kowa. Ni na gwada da tsofaffin laftof uku a nan wajenmu Kadawa lokacin da aikin tumatir ya lafa, na zare wayar daya da gangan hotuna suka ci gaba da budewa, na mayar ya cike gibin da kansa ban taba komai ba, wlh abin sha'awa.

Yadda yake, kowace na'ura kana bata zone da garage layout assign, ka ce wannan auyo wannan kano wannan dutse, ka sa replication factor 3, to shi zai tabbatar kwafi ukun basu taru a gari daya ba. Fayil yana yanka shi gutsi gutsi na mega daya daya, in mutum biyu suka dora abu iri daya sak gutsin daya yake ajiyewa. Yana jin yaren S3, wato yaren da manhajoji ke ajiye fayil da shi a ma'ajiyar intanet, a kofa 3900, su kuma na'urorin suna magana da juna ta 3901. A Mastodon sai ka sa S3_ENABLED=true da S3_ENDPOINT da sunan bokiti da makullai a .env.production, ka kwashe tsofaffin da rclone, ka bude wa bokitin website don mutane su iya gani.

Shawara daya da ko ba Garage ka dauka ba ka rike ta, ka sa S3_ALIAS_HOST da sunan domen dinka, misali media sannan sunanka. Saboda sauran sabobi adireshin hoton suke rikewa, in gobe ka canza ma'ajiya kuma adireshin na wani kamfani ne to duk tsofaffin linki sun mutu, in naka ne sai dai ka juya shi kawai.

MinIO kam bana ba ka shawara, shi ya fi son diskoki iri daya a daki daya da waya mai gudu, kuma a 2025 sun cire yawancin kayan admin daga shafin sigar kyauta. Ceph kuma kar ma ka fara, wannan sai mai dakin sabar da AC.

Kuma kar wani ya ce maka kawai ka zuba a kamfanin waje ka kwanta. A watan Maris 2021 gobara ta cinye ginin kamfanin sabar OVH guda a Strasbourg, akwai wadanda sabarsu da kwafin ajiyarsu duk a wurin suke suka tashi babu komai. In ka ga gemun dan uwanka ya kama da wuta ai sai ka shafa wa naka ruwa.

Injiniya_Kazaure:

Ɗan Kadawa ƙanina, duk abin da ka faɗa a kan Garage gaskiya ne, ni ma ina son sa, kuma maganar S3_ALIAS_HOST a rubuta ta da ruwan zinare. Amma faɗa min tsakani da Allah, laftof ukun nan naka ba a ɗaki ɗaya suke ba kan rawta ɗaya? To nan gizo ke saƙar.

Da kwafi uku, Garage ba ya cewa ya karɓi hoto sai biyu cikin ukun sun amsa, haka wajen karantawa. Yanzu ka ɗauka daren damina ne, hadari ya taso sabis ya ɗauke a Dutse, a Kano kuma an ɗauke wuta batirin gidan yaya ya mutu tun ƙarfe ɗaya. Kwamfutar Auyo lafiyarta ƙalau, diski a gabansa yana kallo, amma ba mai iya ɗora hoto kuma tsofaffin ma sai su ƙi buɗewa, don ita kaɗai ba ta kai adadin ba. Wato da yana da abu ɗaya da zai iya lalacewa, yanzu ya jingina kansa da wutar gari uku da sabis ɗin gari uku. In ka ce to a yi kwafi biyu, ya fi muni wajen ɗorawa, don a nan sai duka biyun sun amsa. Akwai saitin da ke sassauta wannan, su da kansu sunan da suka sa wa ɗaya daga ciki shi ne dangerous, ka ga kuwa ba sai an fassara ba.

Sannan su masu shi sun rubuta abin da suke buƙata na layi: jinkiri kar ya wuce 200ms, gudu 50 Mbps zuwa sama. Malam mai caji a bayan CGNAT yake, wato IP ɗaya kamfanin waya ya raba musu shi da mutane da yawa, gidan yaya ma haka, Dutse ma haka, ba wanda ke iya ƙwanƙwasa wa wani ƙofa kai tsaye, sai kowa ya bi ta VPS ɗin Jamus. Buga ping daga nan zuwa can ka gani, ya haura 100, to Auyo zuwa Jamus zuwa Kano ka ninka. Buhu ne za a kai Kano daga Auyo amma sai an bi da shi ta Turai. Kuma ka tuna 14 ga Maris 2024 da wayoyin ƙarƙashin teku suka yanke a gaɓar Afirka ta Yamma, irin ranar nan na'urorin uku duk suna Arewa amma ba mai jin wani.

Ga kuɗin data. Duk giga ɗaya da aka ɗora sai ya fita sau biyu daga shago. Mafi ciwo, in ka kunna S3 a Mastodon to har kayan baƙin nan na cache cikin bokitin suke shiga, wato kyanwowin da yake kuka da su yanzu kwafi uku zai riƙa yi musu da datarsa, bayan ƙarin kashi 50 da NCC ta amince wa kamfanonin waya a farkon 2025. Ga kuma LMDB da Garage ke riƙe lissafinsa a ciki, ba ta son a yanke mata wuta bagatatan, tana iya lalacewa, shi ya sa suke cewa a kunna snapshot ko a koma SQLite.

Kuma duk wannan bai magance kuskuren hannu ba. Ka goge abu bisa kuskure, cikin daƙiƙa ya goge a gari uku, da biyayya. Haka rclone sync ma yake yi, shi ya sa ba na son sa a wannan aikin.

Ni abin da zan yi da 14 giga: hotuna su zauna inda suke a SSD. Sayi diski na USB tera ɗaya ko biyu. Sa restic, shi yana kulle komai da kalmar sirri kafin ya fita, yana tura abin da ya ƙaru kawai, kuma yana riƙe yadda kayan suke jiya da shekaranjiya daban daban. Kwafa public/system ban da cache, da pg_dump, da .env.production. Zubin farko yi shi a shago da waya, ka ɗauki diskin da hannunka ka kai Kano, 14 giga a aljihu cikin mota ya fi kowane sabis sauri. Daga nan cron, mai kunna aiki da kansa a kan lokaci, ya riƙa turawa ƙarfe biyun dare da datar dare. In Kano ba ta amsa yau ba, gobe ta karɓi na kwana biyu, shafi bai san ma an yi ba. Abin da za ka iya rasawa in ruwa ya ci shago shi ne na yini ɗaya. Kwafi na uku in kana so, Backblaze B2 da Cloudflare R2 kowanne na ba da giga 10 kyauta, ya ishi databes da .env sau da yawa.

dan_kadawa:

Hhh Injiniya ka kama ni, daki daya suke kan tabarma daya ma. Na sallama a kan maganar layi. Amma ranar da fiber ta iso kauyukanmu zan dawo maka da maganar nan.

Malama_yar_Gumel:

Assalamu alaikum. Ku yi hakuri in sa baki duk da ni ba injiniya ba ce, malamar makaranta ce, amma ina amfani da Mastodon kuma akwai abin da na ga duk kun tsallake.

Kuna ta lissafin yadda hoto ba zai bata ba, ni kuma damuwata yadda zai bata idan mai shi ta ce ya bata. Malam mai caji ka ce na biki da suna sun fi yawa, to na tabbata akwai na kamu da na walima da mata suka dora suna ganin iya masu bin su ne za su gani. Ni na gwada da kaina, na dora hoto a mabiya kadai, na kwafi linkin hoton kansa na bude a wayar kanwata da bata da akawun ma, ya bude tas. Rubutun ne a rufe, fayil din duk mai linki zai gani, tsawon linkin ne kawai ke kare shi. Mutanenka sun san haka? Don na san halinmu, mutum daya ya tura linkin a WhatsApp shikenan.

Sannan a ce yarinya ta dora hoto tana budurwa, an sa mata rana ta goge, ko maigida ya ce a cire, ko ita dai ta canza ra'ayi wanda hakkinta ne. Ta danna gogewa ta ga ya tafi hankalinta ya kwanta. Sabarka ta goge, ta aika wa sauran sabobi su ma su goge, wanda roko ne ba dole ba, wanda ya ga dama ya bi. To wannan ba a hannunka yake ba. Amma diskin Kano a hannunka yake, kuma yadda Injiniya ya kwatanta shi yana rike na jiya da shekaranjiya, to har yaushe? In har abada ne to ka zama mai ajiyar abin da aka ce maka a zubar, kuma amana ce ka dauka ba tare da masu ita sun sani ba. A gidan yayan naka wa ke taba kwamfutar, akwai samari a gidan? Ba zargi nake ba Allah ya sani, tambaya ce da ni zan yi in hotona ne.

Ko ta fuskar hukuma ma akwai dokar kare bayanan mutane da aka sa wa hannu a 2023, ta ba mutum damar ya ce a goge bayanansa. Amma ni ba don doka nake fada ba, don kauye ne kowa ya san kowa, hoto daya ya fita ba shafin ne zai mutu ba kawai, kai da shagonka ne za a daina gaisawa da ku.

Injiniya_Kazaure:

Malama Allah ya ƙara daraja, wannan gyara ne kuma na karɓa. Maganar linki haka take. Na diski kuma, wanda ke Kano ko ya buɗe ba abin da zai gani sai tarkacen lambobi muddin kalmar sirrin ba ta wurinsa, don haka Malam kar ka ajiye ta a kwamfutar can, kuma kar ka rasa ta don restic ba shi da ƙofar baya, ta ɓata kaya sun ɓata. Na tsawon lokaci kuma restic forget --keep-daily 14 --prune, duk abin da aka goge bayan sati biyu ya fita daga kwafin ma. Sai ka rubuta a dokokin shafi da Hausa kowa ya gani. Bidiyon marigayin nan kuma tura wa 'ya'yansa a wayoyinsu yau ɗin nan, bai kamata ya dogara da shagonka ba.

sola_ringim:

Ni bangaren wuta zan taba. Irin karamar kwamfutar nan bata wuce wat 15 ba in ba aiki take sosai ba, sau awa 24 ya kama 360Wh a yini, rawta ka kara mata kamar 10. Batir 200Ah na 12V a takarda 2400Wh ne amma in tubula ne rabi za ka ci in kana so ya yi maka shekaru, to ka ga ita da rawtar kadai sun dauki kusan rabin abin da kake da shi kafin ka sa cajin mutane. Ka ware mata layinta daban, don in yara suka jona hita ko dutsen guga inbata ta yanke, a nan ne databes ke lalacewa ba a ambaliya ba. Diskin da zaka kai Kano ka sayi karami na 2.5 mai shan wuta ta USB, manyan nan na 3.5 sai da adafta ta 12V kuma su wuta ta dan girgiza sun fara kara. Kar ka ajiye kan siminti ko kusa da kwano, watan Afrilu dakin kwano tanda ne, lokacin hunturu kuma duk sati biyu ka bude ka hure kura. Masu cewa a sa Starlink, eh ya shigo Najeriya tun Janairun 2023, amma babban farantin ya ninka kwamfutarka cin wuta sau uku ko fiye kuma shi ma karamin tsarinsa CGNAT ne, bai raba ka da Jamus ba.

mai_caji_auyo:

Jama'a na dawo da rahoto, Allah ya saka wa kowa da alheri. Na fita daga relay biyun na yi shara, sai da ya kwana yana gogewa, yanzu diski na kan kashi 21. Na sayi diski tera daya na zuba, ranar litinin na shiga mota da kaina na kai Kano muka jona shi da tsohuwar laftof din dan yayana. Kalmar sirri na rubuta a takarda biyu, daya cikin akwatin takardun gona a gida daya wurin mahaifiyata, ita ko kudin adashe ba a taba jin ya bata a hannunta ba. Malama na rubuta sanarwar na makala a saman shafi, mata uku sun goge hotuna a ranar, daya ta kira ni ta ce me ya sa ban fada tun bara ba, ban da amsa sai hakuri. Bidiyon marigayi na tura wa yayansa su hudu.

Na kuma gwada dawo da kayan a wata kwamfutar shago don in ga ko da gaske ne, hotuna sun dawo amma pg_restore ya yi ta ja min jan rubutu sai da na gane sigar PostgreSQL din waccan kwamfutar ta girmi ta sabar, na daidaita ya wuce.

Saura matsala biyu. Dare uku a jere turawar na faduwa, ashe yaran gidan ne ke zare filogin laftof su sa cajin waya in kowa ya kwanta, yanzu yaya ya daure shi da salatif ya ce duk wanda ya taba shi da shi ne. Akwai yadda zan sa ta turo min sako a waya in bata tura ba, ba sai na duba da safe ba? Na biyu kuma tunda na fita relay mutanena sun fara korafi shafi ya koma shiru, Alhajin da ke sayar mana da taki har shago ya zo yana tambaya ina bidiyon jiragen kasan Japan da yake kallo bayan isha'i.